Daga filin jirgin Pearson zuwa Jami'ar Toronto a tsakiyar hunturu: jagora ga sabon ɗalibi

Ɗalibin da zai fara karatu a zangon Janairu yana sauka Kanada ne a lokacin da sanyi ya kai maƙura. A Toronto, daren Janairu yakan sauka zuwa digiri 6 ko 10 ƙasa da sifili, wani lokaci ya zarce haka nesa ba kusa ba, ga iska da ke ƙara masa kaifi. Wanda ya saba da hunturun Kano, inda digiri 12 ko 13 sama da sifili ke sa a hura wuta a tsakar gida, bai taɓa jin irinsa ba. Sai dai abin da ya kamata ka riƙe shi ne, filin jirgin da ɗumi, jirgin ƙasa da ɗumi, ɗakin kwananka ma da ɗumi. Sanyin yana jiranka ne a 'yan giɓin da ke tsakani: bakin ƙofar da ake jiran mota, tafiyar ƙafa daga tasha zuwa gini, da tsayuwa a ƙofar da ba a buɗe ba. Duk shirin da za ka yi, ka yi shi ne don rage mintocin da za ka yi a waje.

Tun kafin ka bar gida

Fara da tabbatar da harabar da aka ɗauke ka. Jami'ar Toronto harabobi uku gare ta: St. George a tsakiyar birni, Mississauga a yamma, da Scarborough can gabas. Tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Ka ce wa direba “Jami'ar Toronto” kawai, tsakiyar birni zai kai ka. Wannan jagorar ta fi ƙarfi a kan St. George, amma za a taɓo sauran.

Abu na biyu shi ne mabuɗi. Jami'ar tana rufe ofisoshinta don hutun ƙarshen shekara, daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, kuma ɗakunan kwanan ɗalibai suna da ranar da ake fara shiga. Kada ka sayi tikiti sai ka samu amsa a rubuce kan abu uku: ranar da za ka iya shiga, ƙarfe nawa ake daina ba da mabuɗi, da lambar da za a kira in ka iso cikin dare. In gidan haya ne a gari, mai gida ya gaya maka takamaimai yadda za ka shiga. In ranar saukarka ta riga ranar shiga, kama ɗakin otal tun kana gida.

Rubuta adireshin a takarda da manyan haruffa, har da lambar gidan waya mai haruffa da lambobi shida, ka sa a aljihu. Sanyi yana shanye batirin waya cikin ɗan lokaci, wayar da ke nuna saura kashi talatin tana iya mutuwa a hannunka a bakin titi.

Sai kayan sanyi, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Mutum ya sayi rigar sanyi mai kauri ya cusa ta a babban akwati, ya hau jirgi da kaftani mai shara-shara. In akwatin ya maƙale a Addis Ababa ko Istanbul ko Frankfurt, wanda yakan faru a lokacin da jirage ke jinkiri saboda dusar ƙanƙara, to ka sauka ke nan ba abin rufe jiki. Abubuwan nan su kasance a jikinka ko a jakar hannu: doguwar rigar ciki da dogon wandon ciki masu kama jiki, suwaita, babbar rigar sanyi mai hula wadda iska ba ta ratsawa, hular ulu mai rufe kunne, safar hannu, mayafin wuya, safa mai kauri guda biyu, da takalmi rufaffe mai ƙasan roba mai zane-zane. Hawa uku na tufafi sun fi riga ɗaya mai nauyi amfani, domin iskar da ke tsakanin hawa da hawa ita ke riƙe ɗumi, kuma kana iya cire ɗaya in ka shiga wuri mai zafi. Auduga zalla ba ta dace da hawan farko ba: tana shan gumi ta riƙe, da ka fita waje sai gumin ya koma sanyi a jikinka. Mata masu hijabi su sa hular ulu a ƙarƙashinsa, yadin hijabi shi kaɗai ba ya tare iska. Abaya ko doguwar riga mai jan ƙasa kuma za ta kwashi ruwan ƙanƙara da gishirin titi, gara wadda ta tsaya a idon sawu da wando mai kauri a ciki.

Ba dole ba ne ka sayi rigar da za ka yi shekara da ita tun daga gida. Wadda za ta kai ka ɗaki ta isa, ta ainihi ka saye ta a can inda aka ɗinka ta don wannan yanayin.

A jakar hannu kuma ka sa caja, fawa bank, da kan soket irin na Arewacin Amurka mai ƙafa biyu fale-fale. Wutar Kanada bolt 120 ce. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna ɗaukar duka biyun, amma dutsen guga da hitar ruwa na gida ba za su yi aiki yadda ya kamata ba, bar su. Ka riƙe dalar Kanada ɗari ko biyu a ƙananan takardu, don katin bankin gida yana iya ƙin aiki a daidai lokacin da kake buƙatarsa.

Daga ƙofar jirgi zuwa ƙofar fita

Pearson tashoshi biyu gare shi, Terminal 1 da Terminal 3. Air Canada, Ethiopian, Turkish, Lufthansa da EgyptAir suna sauka a ta 1, irin su British Airways, KLM da Air France kuma a ta 3. Ka san taka, domin hanyar fita ta dogara a kanta. Akwai intanet kyauta a cikin filin, haɗa wayarka da zarar ka fito daga jirgi ka sanar da gida. Agogon Najeriya da Nijar yana gaba da na Toronto da awa shida a wannan lokacin.

Za ka fara da na'urar tantancewa, inda za ka sa fasfo, ta ɗauki hotonka, ka amsa tambayoyin kwastan. Ana iya cike waɗannan amsoshin a manhajar ArriveCAN cikin awa 72 kafin sauka, yana rage tsayuwa. Daga nan ka gaya wa jami'in da ka fara tararwa cewa kai sabon ɗalibi ne, zai tura ka ofishin shige da fice. Bizar da ke cikin fasfonka ba ita ce takardar izinin karatu ba. Ita takardar izinin a nan filin jirgi ake buga ta, bayan ka nuna wasiƙar gabatarwa da hukumar shige da fice ta aiko maka, da takardar ɗauka daga jami'a, da shaidar kuɗin da za ka riƙe kanka. Duk a buga su a takarda, a jakar hannu. A makon buɗe makarantu layin nan yakan ci awa ɗaya, biyu, har fiye. Kafin ka bar gaban tebur ɗin, duba rubutun sunanka, ranar haihuwa, ranar ƙarewa, da sharaɗin da ya shafi yin aiki. Gyara a nan minti biyar ne, gyara daga baya kuwa sai an cike takardu an jira.

In jirginka ya fara sauka a wani birnin Kanada, misali Montreal, kafin ka sake hawa zuwa Toronto, to a can za a yi duk wannan. Ka bar awa uku ko huɗu tsakanin jiragen biyu.

Maganar tsaraba. Dole ne a bayyana duk abincin da aka shigo da shi. Kilishi da dambun nama da duk wani nau'in nama daga ƙasashenmu ba a barinsu su shiga, komai bushewarsu, komai kyan ƙunshinsu. Yaji, kuka, kuɓewa busasshiya da daddawa ka bayyana su jami'i ya duba, shi zai yanke hukunci. Wanda ya bayyana abu aka ƙwace, ya yi asarar abin ne kawai. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce mai iya kaiwa dala 1,300, ga baƙin tabo a ranar farko. Kuɗi ma haka: in sun kai dalar Kanada 10,000 ko kwatankwacinsu, ba laifi ba ne shigowa da su, rashin faɗa ne laifi.

In akwatinka bai fito ba, kada ka fita daga zauren kaya sai ka je teburin kamfanin jirgin, ka nuna ƙaramar takardar kaya da aka manna maka a tikiti, ka karɓi lambar rahoto, ka ba su adireshin da za a kai maka. Ka fita ba tare da rahoto ba, komawa ciki ba ya yiwuwa.

Kafin ka doshi ƙofa, tsaya ka yi abu uku. Shiga bayi ka sa kayan sanyinka duka, kada ka bari sai ka ji sanyin. Ka shafa basilin ko man kaɗanya a leɓe da hannu. In lokacin salla ya yi, akwai ɗakin ibada a tashoshin biyu, yi ta a nan, don ranar Janairu gajera ce: azahar wajen sha biyu da rabi, magariba kafin ƙarfe biyar ko daidai nan. Alƙibla daga Toronto arewa maso gabas take, ba gabas sak ba. Ka busar da hannu da fuska sosai bayan alwala, fita da jiƙaƙƙiyar fata cikin iskar nan yana fasa ta.

Zaɓen hanya

Daga Pearson zuwa tsakiyar birni kimanin kilomita 25 ne. Hanyoyi uku ne, kuma abin da zai raba maka gardama shi ne yawan kayanka, ƙarfe nawa ne, da abin da sama ke yi.

Jirgin ƙasa na UP Express shi ne zaɓin farko ga mai akwati ɗaya ko biyu da zai iya ja shi kaɗai. Tasharsa tana manne da Terminal 1, ba sai ka fita waje ba, bi alamun da aka rubuta “Train to City”. In a Terminal 3 ka sauka, hau ƙaramin jirgin Terminal Link, kyauta ne, ya kai ka. UP Express yana tashi duk minti 15, yana isa tashar Union da ke tsakiyar birni cikin kimanin minti 25, daga asuba har wajen ƙarfe ɗaya na dare. Kuɗin ya ɗan haura dala 12, da katin PRESTO (katin biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa na yankin) kuma ya fi sauƙi. Kana iya sayen tikiti a na'ura, ko ka taɓa katin banki a kan na'urar karantawa. In ka taɓa lokacin shiga, ka taɓa lokacin fita da kati ɗaya. Fifikonsa a hunturu shi ne ba ruwansa da cunkoson titi: ranar da dusar ƙanƙara ta mai da tafiyar mota ta minti 35 ta koma awa ɗaya da rabi, shi yawanci yana nan a kan lokacinsa.

A Union za ka sauya zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa na TTC, hukumar sufurin birnin Toronto. Tafiyar ƙafa ce ta minti biyar zuwa goma a cikin gini, bi alamar TTC, ka nemi lifta maimakon kokawa da matakala. Kuɗin shiga dala uku da 'yan kai ne, kuma ƙofar tana karɓar PRESTO ko katin banki na taɓawa. Yi amfani da ƙofa mai faɗi saboda akwati. Ga inda baƙi ke ɓata: Layi na 1 kamar ƙugiya yake, Union tana gindinsa, saboda haka jiragen ɓangarorin biyu duk arewa suka nufa. Kai mai zuwa Vaughan za ka hau, ba mai zuwa Finch ba. Tashoshin da za ka wuce su ne St Andrew, Osgoode, St Patrick, sannan Queen's Park, Museum, St George. Queen's Park ta fi kusa da kudancin harabar, wajen titin College. St George tana arewacinta a titin Bloor, kuma tana da lifta. Duba taswira tun kana cikin ɗumi ka ga wadda ta fi kusa da gininka, domin harabar tana da faɗi, daga wannan gefe zuwa wancan tafiyar kusan kwatan awa ce, kuma kwatan awa da akwati biyu a kan ƙanƙara ba wasa ba ce.

Wasu za su ce ka sauka a tashar Bloor ta UP, ka taka zuwa Dundas West ka hau Layi na 2. Ya fi arha, ya fi sauri ga wanda ya san gari. Amma sauyin yana iya fitar da kai titi da kaya, ga baƙo a daren farko bai cancanci ragin ba.

Akwai dabara ta tsakiya da ta fi dacewa da mutane da yawa: UP Express zuwa Union, daga nan ka ɗauki tasi zuwa ƙofar gininka. Tazarar kilomita biyu zuwa uku ce, ka tsallake cunkoson babbar hanya, ka kuma tsallake jan kaya a kan titi.

Hanya ta biyu ita ce mafi arha: bas ɗin TTC mai lamba 900, daga tashoshin biyu zuwa tashar Kipling, sannan Layi na 2 zuwa gabas har St George, tasha ta goma sha biyar. Kuɗin shiga ɗaya ya isa duka tafiyar, kuma a Kipling bas ɗin yana shiga cikin tashar, ba sai ka sake biya ba. Ka ware awa ɗaya zuwa ɗaya da kwata. Illarsa ita ce a waje ake jiransa, kuma direba ba ya ba da canji. In za ka bi ta nan, tsaya daga cikin ƙofar gilashi har sai ka hango shi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa wajen ƙarfe biyu na dare, ranar Lahadi kuma ba ya farawa sai wajen takwas na safe. A tsakanin nan bas ɗin dare mai lamba 300 ne ke bin titin Bloor daga filin jirgi. Yana aiki, amma ba abin da za a ba baƙo mai kaya shawara ba ne a daren Janairu.

Hanya ta uku tasi ce, ko Uber ko Lyft. In akwatunanka uku ne, ko kana tare da iyali, ko dare ya raba, kada ka tsaya lissafi, ɗauki mota. Tasin filin jirgi masu lasisi suna layi a ƙofar fita, kuma kuɗinsu ƙayyadadde ne gwargwadon unguwa. Zuwa tsakiyar birni ka yi tsammanin dala 60 zuwa sama, ban da ɗan ihsanin kashi goma zuwa goma sha biyar da aka saba ba direba. Tambayi kuɗin kafin a sa kaya a but. Duk wanda ya tare ka a cikin zaure yana ce maka tasi, wuce shi: masu lasisi ba sa farautar fasinja a ciki. Uber da Lyft suna da ƙofar da aka keɓe musu, manhajar za ta faɗa maka. Kuɗinsu yana tashi sosai in ana zubar ƙanƙara, har ya wuce na tasi, saboda haka gwada biyun. Kada ka fita sai manhajar ta nuna saura minti biyu, kuma ka duba lambar motar kafin ka shiga.

Ɗaliban Mississauga, ku lura cewa filin jirgin kansa a cikin Mississauga yake, shiga tsakiyar Toronto komawa baya ne, mota kai tsaye ta fi. Na Scarborough kuma tafiyarku ta fi ta kowa tsawo, kuma ta jirgi sai an yi sauyi fiye da ɗaya, da kaya masu nauyi mota ce mafita ko da ta fi tsada.

Mita ɗari biyun ƙarshe

Nan ne ake faɗuwa. Dusar ƙanƙara sabuwa fara ba ta da santsi sosai. Abin tsoro shi ne wurin da ya yi baƙi yana ƙyalli kamar an zuba ruwa: ƙanƙara ce siririya a kan kwalta, ba ta nuna kanta. Taka da gajerun sawu, tafin ƙafa duka a ƙasa, jiki ya ɗan karkata gaba, kuma kada ka sa hannu a aljihu. Takalmin fata mai sumul ɗin ƙasa, irin na zuwa ɗaurin aure, shi ne mafi haɗari. A bakin mahaɗar titi ruwan ƙanƙara da gishiri yakan taru, ya fi yadda ido ke gani zurfi, ka zagaye shi. Ƙananan tayoyin akwati suna cushewa, sai ka ja shi a karkace a kan tayoyi biyu maimakon tura shi a tsaye a kan huɗu. In kaya sun yi yawa, kai su kashi-kashi zuwa cikin ƙofar farko. Yawancin gine-gine suna da ƙofa biyu a jere da ɗan fili mai ɗumi a tsakani, a nan ake tsayawa a kira waya.

Hasashen yanayi a Kanada yana ba da lamba biyu: ainihin ma'auni, da yadda jiki zai ji in an haɗa da iska. Ta biyun ita ce taka. In ta kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Kunne, hanci da yatsu ne ke fara kamuwa: zafi kamar tsinin allura, sai wurin ya mutu, fata ta yi tauri ta sauya launi. A fata mai duhu sauyin launin ba ya fitowa sosai, don haka mutuwar wurin ita ce alamar da za ka bi. Shiga ciki nan take. Kada ka murza, kada ka kanga a hita ko ka zuba ruwan zafi, domin wurin da ya mutu ba zai ji ƙuna ba. Sa yatsun a hammata ko a ruwa mai ɗumi-ɗumi. In jin bai dawo ba, ko fata ta yi bororo, sai asibiti. Lambar gaggawa 911 ce.

Idan rana ta ɓaci

Wani lokaci guguwar ƙanƙara takan tsayar da garin. A ranar 17 ga Janairu, 2022, an rufe manyan hanyoyin Gardiner da Don Valley na wani lokaci, ɗaruruwan bas suka maƙale a titi. In ka sauka a irin wannan ranar, duba ko UP Express da jirgin ƙarƙashin ƙasa suna tafiya. In suna yi, kuma akwai mai jiranka da mabuɗi, bi ta nan. In ba haka ba, zauna a filin jirgi. A buɗe yake dare da rana, da ɗumi, da bayi, da wurin caji, kuma akwai otal a manne da Terminal 3 da wasu a kewaye masu motar ɗaukar baƙi. Ka aika wa ofishin ɗakin kwana saƙo cewa sai da safe. Haka ma in jirginka ya yi latti har lokacin ba da mabuɗi ya wuce kuma ba wanda ya ɗaga waya: kwana a kan kujerar filin jirgi ya fi tsayuwa a ƙofar da ke kulle da ƙarfe biyu na dare.

In ka shiga ɗaki, cire takalmi a bakin ƙofa don gishirin titi yana ɓata dabe da kafet, ka goge shi da tsumma mai laima kafin farin tabo ya kama fatar. Tambayi yadda ake daidaita hitar ɗakin, kuma kada ka bar taga a buɗe ka fita, bututun ruwa yana iya daskarewa ya fashe. Iskar ɗaki mai hita busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturun gida, tana kawo kaushi da haɓo, saboda haka ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, ruwan famfon Toronto ana shansa. Takardar izinin karatunka kuma ka ɗauki hotonta a waya, ka ajiye ta asalin a wuri ɗaya da fasfo, za a nemi ganinsu lokacin karɓar katin ɗalibi da buɗe asusun banki.